Kyaftin Dalmo a Zauren Malam Jelani

Tun kafin cikin matarsa Rahama ya fito sosai, Gambo ya gama yanke hukunci cewa in namiji aka haifa, Dalmo za a riƙa kiransa. Ba sunan yanka ba, wannan an riga an ajiye wa surukinsa Malam Jelani na Ƙofar Taramniya. To amma yaron da ya ci sunan kakansa, uwarsa ba za ta iya buɗe baki ta kira shi gatsau ba, balle kakarsa. Dole a nema masa alkunya. Rahama tana son Junaid. Gambo ya ce Junaid ba shi da tarihi.

Dalmo kuwa yana da tarihi, domin shi ne jarumin kashi na uku na wani fim mai suna Masu Satar Rana. Labarin wasu halittu ne daga wata duniya da suka zo da jirgi mai kama da faifai, za su cire rana su tafi da ita garinsu. A Sakkwato fim ɗin ya karɓu ƙwarai, ko da yake da bazara yawancin masu kallo ɓarayin suke goya wa baya.

Gambo yana tsaron shagon yadin babansa a kasuwa, amma ainihin aikinsa yana farawa ne bayan la'asar, a gindin bishiyar dogon yaro da ke ƙofar shagon Habibu mai turin fina-finai a waya, a Ƙofar Rini. Nan majalisa take zama, nan ake yanka fina-finai ana rabawa. Kashi na ɗaya babu gardama, kowa ya yarda an yi aiki. Na biyu ya raba kawuna: Anas tela ya ce faɗan da aka yi a kan wata ya isa a yafe wa fim ɗin komai, Habibu ya ce surutu ya yi yawa, halittun nan sun zo sata sun tsaya taro kamar 'yan kwamiti. Na uku kuwa kowa ya yarda shara ne. Kowa, ban da Gambo.

"Matsalarku ɗaya ta," in ji shi, yana karkaɗa ƙafa. "Ku da ido kuka kallon fim. Ni da ƙwaƙwalwa nika kallo."

"Gambo, na ukun nan ko kyauta nit tura ma mutum, sai ya dawo ya ce in goge mai," in ji Habibu.

"Don ba su da zurhi. Ka dubi ƙarshenai kawai."

"Ƙarshen hwa munka ƙi!"

"Ƙarshen shi na ilmin gaba ɗai. Ko ni sai da niy yi hawaye."

Anas ya dube shi. "Hawaye? Kan abin nan da Dalmo yay yi?"

"Kan abin nan da yay yi. Namiji ke nan."

Majalisar tana da doka guda: ba a faɗin ƙarshen fim a fili, tun ranar da aka kusa fasa wa wani baki saboda haka. Don haka aka daɗe ana wannan gardama da "abin nan" da "wurin nan", kowa yana zaton abu ɗaya ake nufi. Ba abu ɗaya ake nufi ba.

A shagon Habibu, in fim ya yi tsawo, raba shi ake yi biyu saboda masu ƙaramin mimori. Ranar da Gambo ya kawo wayarsa, mimorin a cike yake da hotunansa sanye da hula iri-iri, rabin farko kawai ya shiga. Kafin Habibu ya yi magana Gambo ya fizge wayar ya hau babur. A wayar Gambo, fim ɗin yana kaiwa daidai inda Kyaftin Dalmo ya kutsa jirgin abokan gaba shi kaɗai, makullin injin rana a hannunsa, ya isa wata ƙatuwar ƙofa, ya ɗora hannu, ya buɗe baki zai yi magana, sai duhu. Babu kiɗa, babu sunaye. Gambo ya ce wannan ita ce hikimar da ba a taɓa yin irinta ba, an bar wa mai hankali ya ƙarasa da kansa.

Aka haifi namiji. Rahama tana gidan iyayenta tana wankan jego, Gambo ya je barka da ledar lemo da jawabi a shirye. Ya tarar da yayarsa Binta tana riƙe da jaririn.

"Sannu Dalmo," ya ce, yana leƙa zanin.

Rahama ta ɗago kai. "Wa?"

"Dalmo."

"Sunan maganin sauro na?"

"Sunan jarumi na. Mutumen da yat tsare rana don duniya ta rayu."

"Ni dai ban ga abin da rana tay yi muna ba da za a saka mata da ɗana."

Binta ta ce a bar wa Malam magana, tunda takwaransa ne. Nan take dabara ta faɗo wa Gambo, irin wadda take faɗo masa ba tare da ta bi ta ƙwaƙwalwar da yake kallon fim da ita ba. Ya ce ranar suna zai haska kashi na uku a gaban Malam da jama'a. Kuma ba da muryar masu fassara ba, domin su ne suka ɓata fim ɗin a idon jahilai. Zai kashe sauti, shi da kansa zai riƙe makirufo ya yi bayani tun daga farko har ƙarshe. In Malam ya ga halin Dalmo ya yaba, shi ke nan. In bai yaba ba, Rahama ta sa duk sunan da ta ga dama.

"Yaya Binta, kin ji da kunnenki," in ji Rahama.

"Na ji, na kuma riƙe," in ji Binta.

Malam Jelani mutum ne mai haƙuri, wanda ya daɗe yana raba gardamar gado, don haka ba kasafai abu yake ba shi mamaki ba. Ya saurari surukinsa har ya gama, ya shafa gemu, ya ce suna shaida ne, ba laifi a ga mutumin kafin a ɗora wa yaro. Gambo ya fito daga zauren yana tafiya kamar wanda aka naɗa.

Da labari ya kai majalisa, Anas ya ajiye kofin shayi. "Dalmo za ka kira ɗanka? Bayan ka ga abin nan?"

"Saboda abin nan."

A lokacin ne Habibu ya tuna ranar turi, ya gane inda aka kwana. Ya yi ƙoƙari sau ɗaya, don kada a ce bai yi ba.

"Gambo, kawo wayarka in duba wani abu."

"Ka goge man? Na san shirinku. Hassada ta, Habibu, kuma ba ta yi maka kyau."

Habibu ya ce to, Allah ya kai mu. Ya ma yi alkawarin aro masa majigi.

Ranar suna da safe aka yi addu'a, aka raɗa wa yaro Jelani, aka yanka rago, aka ci masa. Bayan la'asar Gambo ya fito cikin babbar riga mai sitaci, ya sa aka ɗaure zanin gadon auren Rahama tsakanin wata bishiyar dogon yaro da turken lantarki a ƙofar gidan Malam. Jama'a suka zauna a tabarmi. Aka tada janareto, aka kunna majigi. Ba a ga komai ba sai zanin gado. Ranar da aka zo kallon satarta tana nan a inda take, tana dukan zanin da dukan ƙarfinta.

"An hwara?" in ji wani dattijo makwabcin Malam.

"An hwara, Baba. Ido na bai saba ba."

Aka jira ido ya saba, bai saba ba. Gambo ya ba da umarni a koma zaure. Zauren Malam na karatu ne, ba a gina shi don taron suna ba, amma aka dunƙule a ciki, gwiwa kan gwiwa. Haske yana shigowa ta ƙofar waje da ta cikin gida, sai aka toshe ɗaya da tamfol, ɗaya da tabarma. Duhu ya samu, iska ta ɗauke. Kafin a gyara zanin a bango sitacin rigar Gambo ya narke, rigar ta manne masa a baya.

Sai wayar ta ƙi haɗuwa da majigi. Bakin cajinta ya daɗe da lalacewa, da roba yake ɗaure shi. Ya hura, ya lasa, ya karkata ta, ya yi mata magana a hankali. Habibu ya miƙo kwamfutarsa.

"Ga nawa. Amma ka sani, nawa cikakke na."

"Kowa nashi cikakke na. Sa muna."

Makirufon kuwa na mai sanarwar biki ne, kuma lasifikarsa tana nan a ɗaure a kan katanga, bakinta ɗaya yana kallon layi, ɗaya yana kallon tsakar gida inda mata suke cike. Gambo ya lura da haka, ya ji daɗi. Yana so Rahama ta ji komai daga ɗaki.

Gaskiya dai, rabin farko ya yi ƙoƙari. Ya san kowane motsi. Ya yi muryar Dalmo, ya yi ta tsohon sojan da ya rene shi, ya yi ƙarar jirgi da bakinsa har yawu yana tsalle a hasken majigi. Inda babu faɗa ya sa Habibu ya tura gaba. Da aka zo inda shugabannin duniya suka damƙa wa Dalmo makullin injin rana ya rantse zai tsare shi da ransa, Malam Jelani ya gyaɗa kai.

"Wanga yaro ya san girman amana."

Gambo ya juya ya nemi idon Habibu a cikin duhu, ya ɗaga masa gira.

Dalmo ya kutsa jirgin abokan gaba. Ya isa ƙatuwar ƙofa. Ya ɗora hannu, ya buɗe baki. Gambo ya miƙe tsaye, ya juya wa zanin baya, ya fuskanci jama'a, ya gyara murya.

"Jama'a, nan fim yaƙ ƙare. Wanda ba shi da zurhi zai ce, ina sauran? Babu saura. Jarumi na gaske ba a nuna abin da yay yi, don ido bai iya ɗauka. Wanga shi na banbancin na uku da na ɗaya da na biyu. Shi yas sa nic ce ɗana..."

Babu mai kallonsa. Idanu duk sun wuce ta gefen kunnensa.

"Gambo," in ji Malam, "mutumenka ya shiga."

Gambo ya waiwaya. Ƙofar a buɗe take, Dalmo yana tafiya a cikin wani ɗaki da Gambo bai taɓa gani ba tunda aka haife shi. Tsoro ya kama shi na gaske. Da wani mutum ne, da ya ajiye makirufo a nan, ya ce zafi ya yi yawa a fita. Gambo ya ƙara matso da shi bakinsa.

"I, wanga ƙari na. Ina sane da shi. Gwada ku niy yi."

A ƙuryar ɗakin sarkin ɓarayin yana zaune, wani abu mai kama da ƙaton kwaɗo. Dalmo ya je gabansa ya zube.

"Mi yaka yi?" in ji dattijon makwabci.

"Gaisuwa ta, Baba. Ko abokin gaba na, babba babba na. Tarbiyya ke nan."

Dalmo ya ciro makullin daga wuyansa, ya miƙa da hannu biyu.

"Ba wanga na amanar ba?" in ji Malam.

"Jabu na, Baba. Ya biya kasuwa ya yanko wani kahin ya taho. Yanzu za ku ga sun sa ya ƙi buɗewa."

Kwaɗon ya sa makulli ya murɗa. Injin ya tashi. Aka nuno rana tana dusashewa, aka nuno duniya ta yi duhu, mutane suna gudu a titi.

"Jabun ya yi aiki," in ji dattijon.

"Mai yankan gwani na."

Sai ga tsohon sojan nan da ya reni Dalmo ya faɗo ɗakin da gudu, yana kuka, yana riƙe masa riga. Dalmo ya rungume shi, Gambo ya saki ajiyar zuciya a cikin makirufo har lasifika ta yi ƙara. Dalmo ya ja tsohon zuwa taga, ya buɗe, ya tura shi waje. Tsohon ya tafi yana juyawa a sararin sama, yana ƙanƙancewa.

"Iska zai sha," in ji Gambo. "Ɗakin da zahi."

"Shina dawowa?" in ji Anas daga baya, da murya kamar bai sani ba.

"Shina dawowa."

Aka jira. Bai dawo ba.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa da sauri fiye da bakin Gambo. Rigar Kyaftin ta tsage ta baya. Fatarsa ta koma kore. Wata doguwar jela ta fito tana share ƙasa. Gambo ya ce rashin lafiya ce, iskar sama ba ta karɓe shi ba. Ya ce ana samun haka. Ya ce shi ma ya san wani a unguwar Minanata da ya yi tafiya ya dawo fatarsa ta canja. Babu wanda ya tambayi sunan mutumin.

Dalmo ya zagaya ɗakin, ya sami wani lungu, ya tona, ya tsuguna.

Zauren ya yi tsit, sai ƙarar janareto. Wani abu fari, girman kankana, ya gangaro daga ƙarƙashin Kyaftin. Wani ya biyo shi. Wani ya sake biyowa. Gambo ya buɗe baki, ya bar shi a buɗe.

Mata a cikin gida murya kawai suke ji, ba sa ganin hoto. Da shirun ya yi yawa sai muryar Binta ta haura katanga.

"Ya munka ji shiru? Mi Dalmon yay yi?"

Malam Jelani ya gyara tabarau, ya matso kusa da surukinsa don ya tambaya a asirce, bai san bakinsa yana daidai makirufo ba. Tambayar ta fita layi, ta shiga tsakar gida, ta kai har bakin titi.

"Gambo, ƙwai na yaka yi?"

"Ajiya ta, Baba," in ji Gambo, shi ma a lasifika. "Ba nashi na ba. Ba shi anka yi ya riƙe."

Dalmo ya gyara jela ya kwanta a kansu.

Abin da ya tashi daga tsakar gida ba dariya ba ce kawai, har da guɗa. Wata tsohuwa aka ce sai da aka yi mata fifita. A zaure Anas ya faɗa kan tamfol ɗin ƙofa, tamfol ya zube, haske da iska suka shigo, aka ga Gambo tsaye jiƙe sharkaf, hula ta karkace.

"Habibu na!" ya yi ihu. "Shi yaƙ ƙara wanga da hannunai don ya kunyata ni!"

"Ni da ko hoton fasfo ban iya gyarawa," in ji Habibu. "Rabi kak kalla, Gambo. Wanga na rabin da kab bari shagona."

Malam bai yi dariya ba. Ya nemi takalmansa a cikin na jama'a, ya sa, ya tsaya a bakin ƙofa domin an fara kiran magariba.

"Na daɗe ina raɗa suna cikin garin ga," ya ce. "An kawo man na malamai, an kawo man na sarakuna, an kawo man na attajirai. Ba a taɓa kawo man mai kwanci ba. A gaya ma Rahama ta sa wanda taka so."

Kafin a idar da salla duk gidan ana cewa Junaid.

Sunan Dalmo kuwa bai yi asara ba. Washegari Gambo yana buɗe shago maƙwabcinsa mai atamfa ya ce, "Kyaftin, an tashi lahiya? Ya jikin?" Masu babur suka ɗauka, masu shayi suka ɗauka, har wata mata ta zo sayen yadi ta ce an ce ta tambayi shagon Dalmo. A majalisa ya koma zama, bai sauka daga ra'ayinsa ba. Ya ce na uku yana nan a matsayinsa, rabin farko ya isa fim, kuma in na huɗu ya fito za a gano ƙwan ba na Kyaftin ba ne, sharri aka yi masa. Ya ce duk wanda ya kira shi da sunan a waje bai dame shi ba, shi mutuncinsa a gidansa yake.

Bayan arba'in Rahama ta dawo ɗakinta da Junaid a baya. Ita mace ce mai kunya, tunda aka ɗaura aure ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, sai dai ta ce "ka ji" ko ta tsaya har ya waiwayo. Da safe Gambo yana zaune a tabarma yana jiran karin kumallo, ta leƙo daga madafa da kwanon ƙwai a hannu, fuskarta babu alamar wasa.

"Dalmo," ta ce, "a soya maka su, ko a bar maka ka kwanta?"